Reshen da Jummai Ta Bari Ba Suna

Da hantsi ne, rana ta ɗaga ta fara cizo, irin zafin nan na ƙarshen damina da ba iska a cikinsa, sama fari tas ba ko ɗigon gajimare. An gama yankan hatsi a ƙauyen, wani ɗan gari ne kusa da Ollelewa, damman gero na jingine a bakin rumbuna suna jiran a ɗora su. Rabi'u na zaune a kan tabarma a ƙarƙashin aduwar ƙofar gidansu, ya miƙe ƙafa, yana ta jujjuya takalminsa a hannu kamar mai neman inda ya tsinke, alhali lafiyarsa ƙalau.

Abu ɗaya ke cin ransa. Attahir, abokinsa tun suna kiwon awaki, yana aikin haɗa famfunan sola a lambunan Agadas, ya aiko masa cewa maigidansa na neman mutum mai natsuwa da zai koyi aikin. Babbar motar da za ta ɗauke shi za ta tashi daga tashar Tanut gobe, ran kasuwa. Rabi'u na son tafiyar, so ba kaɗan ba. Amma ya riga ya yanke a ransa ba zai taka ƙafa ba sai da yardar uwarsa Jummai, ita kuwa ba ta magana da shi.

Ba faɗa suka yi ba. Shi ne ɗanta na fari, Jummai kuma ta riƙe kunyar ɗan fari irin riƙon mutanen da, har matan garin da kansu suna cewa tata ta yi yawa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, a can ya tashi. Da kakar ta rasu, ubansa ma ya bi bayanta, sai ya dawo shi ne babba a gidan. Yana cin tuwon hannunta kullum, amma in ya shigo tsakar gida sai ta juya ta kama wani aiki. Magana tsakaninsu sai ta bakin Rahama, ƙanwarsa.

Ya aiki Rahama da zancen tafiyar. Ta je ta dawo ta ce, "Inna ta ce ta ji."

"Sai kuma me?"

"Sai ta ci gaba da tankaɗe."

Ya bari aka kwana biyu ya sake aikawa, amsar ba ta canza ba. To "na ji" ba e ba ce, ba kuma a'a ba ce. Rabi'u ya san al'ada ce, kowa ya sani. Duk da haka wani lokaci in yana noma shi kaɗai yakan tambayi kansa, shin a bayan kunyar nan akwai wani abu, ko kuwa shekaru sun yi yawa har kunyar ta cinye wurin duka. Bai taɓa gaya wa kowa wannan ba.

"Kai bawa, tashi ka ba uwargijiyarka tabarma."

Safiya ce, ɗiyar kawunsa na Damagaram, ta fito daga cikin gida da jakar kwamfutarta a kafaɗa. Taubasai ne, ba sa haɗuwa sai sun taɓa juna.

"Wace uwargijiya?" in ji Rabi'u, yana matsawa gefe. "'Yar birnin da ta ga dawa ta ce masara ce ba ta girma ba?"

"Sau ɗaya na faɗa, za ka kai ni kabari da ita."

Safiya na karatu a jami'a, kuma aikin da za ta gama da shi ne ya kawo ta ƙauyen tun farkon yankan hatsi. Tana bin mutane tana ɗaukar maganarsu a salula, bayan ta nemi izini ta kuma gaya musu za a cire sunayensu, don a koya wa inji fahimtar Hausa yadda ake yin ta a nan yankin Damargu. Rabi'u ajinsa uku a lakwal, wato makarantar boko, ya bari, karatunsa a hankali yake, yana bin layi da yatsa. Amma kunnensa na garin ne. In injin ya rubuta maganar tsofaffi ya karkace, shi ke saurare ya ce ga abin da aka faɗa, ga kuma wanda ake nufi.

Ranar farko ya tambaye ta, in injin ya riga ya san kalmomin, me kuma ya rage?

Ta ce, "In ka zuba masa kalmomi haka kawai, kamar ka kwance dami ne ka watsa zangarniya a ƙasa. Yana ganin duk suna nan, amma bai san wacce ke jingine da wacce ba. Ka ce kare ya kori jakin Ila, ka ce jakin Ila ya kori kare, shi duk ɗaya ne a wurinsa."

"Ila kuwa ba ɗaya ba ne a wurinsa."

"Ka gani."

Sai ta nuna masa yadda take yi wa kowace magana zane kamar itace. Gindin shi ne abin da aka yi. Reshe ɗaya wanda ya yi, wani reshen wanda aka yi wa, ƙananan rassa kuma a ina, yaushe, da me. In injin ya ga irin waɗannan itatuwa da yawa, sai ya koyi ɗaukar magana gaba ɗayanta, da ɗaurinta, ya ba ta wuri. A fuskar kwamfutar kowace magana takan zama ɗigo ɗaya, waɗanda suka yi kama a gini da ma'ana sai su matso kusa da juna. Rabi'u ya daɗe yana kallon ɗigogin ran nan. Gaisuwa ta taru a gefe guda, zancen rijiya da dabbobi a wani gefen, faɗan mata da yara can ƙasa. Ya ce kamar garken da aka sako daga nesa, kowace dabba ta nufi 'yan'uwanta.

Yau Safiya ta buɗe kwamfutar a kan cinyarta, ta kare ta daga hasken rana da gefen mayafi.

"Yau aikin gwaggo Jummai za mu yi," ta ce. "Ka ga nan?"

Can gefe, nesa da sauran, akwai wasu ɗigogi da suka dunƙule wuri ɗaya.

"Duk maganganunta ne. Injin ya ware su da kansa, ban sa shi ba. Da na duba sai na ga abin da ya haɗa su: reshen wanda ake magana a kansa ba suna. Daga 'shi' sai 'wancan' sai 'mutumin'. Ba ta faɗi sunan ba a gaba, ba ta faɗa a baya ba. To ka san mata da sunan miji. Na bi na farko-farkon na rubuta marigayi a kan reshen. Kai dai ka saurara ka ce mini haka ne, mu wuce. Akwai sababbi na jiya da ko ni ban ji ba tukuna."

"Ba ke kika ɗauka ba?"

"In ina zaune ba ta sakewa. Sai in ba Rahama salular ta kunna ta aje mata kusa da murhu, mu fita mu bar ta tana aikinta tana zancenta."

Rabi'u ya kalli abin kunne na sauraro da ta miƙo masa. Ya saurari muryar mutanen garin da yawa a cikin abin nan, amma bai taɓa sauraron ta uwarsa ba. Ya karɓi abin kunnen ya sa, ya sunkuyar da kai.

Muryar ta zo masa kusa ƙwarai, kusan da bai taɓa jin ta ba, da ƙarar itace na ci a wuta a bayanta.

"Shi ba ya son a tashe shi da magana, sai ya gama shan ruwa."

Ya gyaɗa kai. Babansa haka yake. Safiya ta danna ta gaba.

"Wancan in abu ya dame shi ba ya faɗa, sai ka ga ya rage cin tuwo."

Ya sake gyaɗa kai, amma a hankali.

"Da hagu yake riƙe kwashe. An yi an yi ya daina, har duka ya sha, bai daina ba."

Wannan karon Rabi'u bai gyaɗa kai ba. Safiya ta dube shi.

"Yaya? Haka ne?"

"Baba da dama yake noma," ya ce.

Ta kalli hannunsa da ke riƙe da igiyar abin kunnen. Na hagu ne. Ta buɗe baki za ta yi tsokana, sai ta fasa.

"Kunna ta gaba," in ji shi.

"Rabi'u, ko mu bari..."

"Kunna, Safiya."

"Shekarar da ƙyanda ta kama shi a ɗakin tsohuwa, ina bayan danga ina jin numfashinsa. Ban shiga ba. Ina zan sa fuskata? Amma ban tafi ba sai da na ji ya nemi ruwa."

Ya tuna ƙyandar. Ya tuna kakarsa tana shafa masa wani abu mai sanyi a ƙirji, ya tuna duhun ɗakin da warin hayaƙi. Bai taɓa sanin akwai mutum a bayan danga ba. Wata akuya ta zo tana shinshina gefen tabarmar, bai kore ta ba.

Safiya ta aje hannu a kan kwamfutar kamar za ta rufe.

"Wallahi ban gane ba," ta ce a hankali. "Na ji macen da ta taɓa yin takaba tana cewa shi, shi, sai hankalina ya tafi wurin miji. Ban kawo ɗan fari a raina ba sam. Mu a gidanmu Umma har sunan yaya take kira in ya ɓata mata rai." Sai kuma ta ce, "Kai. Tsaya. Shekaranjiya ta tambaye ni wani abu."

"Me ta ce?"

"Ta ce, 'Ke Safiya, wannan abin naki wa ke jin sa?' Na ce inji ne da ni. Ta ce, 'Ku biyu kaɗai?' Na ce da mai taya ni gyara. Ta san kai ne, kullum tana ganinmu a nan. Jiya kuwa ita da kanta ta ce wa Rahama ta kawo salular."

Rabi'u ya cire abin kunnen, ya riƙe shi a tafin hannu yana dubawa. Daga cikin gida ana jin motsin kwanoni. Tana nan, bango ɗaya ne tsakaninsu.

"Ke nan ta san zan ji," ya ce.

"Ta sani."

Ya mayar da abin kunnen. "To kunna na jiyan."

Injin ya yanka maganar gutsi-gutsi, yadda aka koya masa, kowace da zanenta a gefe, kowane zane da reshe ɗaya fari ba rubutu. Safiya tana danna su ɗaya bayan ɗaya, idonta na kallon wani wuri.

"An ce wai yana jiran magana daga bakina."

"To ni wace magana na iya yi masa?"

"Yarinyar nan ƙanwarsa in na gaya mata, sai ta tsaya tana kallon idona."

Nan aka ji ta tura itace a wuta, ta yi tari.

"Ban hana shi ba."

"Ubansa ya so ganin wurare, bai je ba, har ya kwanta yana zancen."

"Shi ya je, Allah ya tsare, Allah ya sa a dace da mutanen kirki."

"Ya riƙa kiran ƙanwarsa ran Juma'a bayan an sauko. Ina kusa, zan ji muryar."

"Kada dai ya zo yi mini sallama. Ba zan iya ba."

Daga nan sai zancen ya koma kan wata kaza da ke fasa ƙwanta, wannan kuwa injin ya kai shi can wurin zancen dabbobi.

Rabi'u ya zauna a wurin har inuwar aduwar ta janye daga ƙafafunsa. Bai yi kuka ba. Ya dai ji kamar ya daɗe da kaya a ka, sai yanzu da aka sauke ya san nauyinsu, wuyansa har ciwo yake. Safiya ta bar shi. Can sai ta ce, "To bawa, an 'yanta ka. Agadas ta shiga uku."

Ya yi dariya. "Ke dai ki koyi bambanta dawa da masara kafin in dawo."

Ta juyo da kwamfutar wajensa. "Yanzu me zan rubuta a reshen? Marigayi dai kuskure ne, zan goge."

"Dole sai an rubuta?"

"In ana so injin ya san wa ake nufi, e. Amma ka ga wani abu, bai san ko waye ba, duk da haka ya tara su wuri ɗaya. Gurbin da ta bari ya gani, ya ga iri ɗaya ne kullum." Ta ɗan yi tunani. "Malaminmu zai ce a cike. Ni ban sani ba."

Rabi'u ya kalli zanen, ya bi rassan da yatsa yadda yake bin layin karatu, har ya zo kan farin.

"Ni dai a ganina ki bar shi yadda ta faɗa," ya ce. "Ita ba mantuwa ta yi ba. Amma aikinki ne, ke kika san abin da ya dace."

"Zan sa alama a gefe cewa da gangan aka bari, in rubuta dalili. In ya so injin ya koyi cewa a nan akwai mai magana haka." Ta rufe kwamfutar. "Na jiyan kuwa sai na tambaye ta tukuna. Ba don inji ta yi su ba. In ta ce a cire, zan cire."

"Kar ki ce mata na ji."

"Haba. Ni ma Bahaushiya ce, ko da ta birni."

Da la'asar ya je ya sallami dattawan unguwa, ya damƙa wa ɗan baffansa ɗora sauran damman a rumbu, ya gaya wa mai kabu-kabu ya zo da babur ɗinsa da sassafe. Ya kira Rahama gefe ya ce mata gobe zai tafi, kuma duk Juma'a ta riƙa aje salularta da caji.

Rahama ta zare ido. "Inna ta yarda? Yaushe ta faɗa? Ni ban ji ba."

"Ta yarda."

"Wa ya gaya maka?"

"Ke dai ki riƙa sa caji. In na kira kuma kar ki shige ɗaki, ki tsaya a tsakar gida."

Ta dube shi, ta dubi Safiya da ke can tana wanke hannu kamar ba ta jin su, ta ce, "Ku biyun nan akwai abin da kuke ƙullawa," ta tafi tana gunguni. Da aka kawo masa tuwon yamma ya cinye shi tas, har ya suɗe kwanon, ya tura shi bakin ƙofa inda za a gani.

Gari ya waye da ɗan sanyi-sanyi. Rabi'u ya dawo daga masallaci, ya ɗaure kayansa a buhu, ya fito tsakar gida. Ƙofar ɗakin Jummai a saye take da labule. Ya san ta tashi, don wuta na ci a murhu kuma ba kowa a wurin. Ya tsaya da buhun a hannu. Ƙafarsa ta so ta nufi ƙofar, ya hana ta.

Sai idonsa ya faɗa kan turmi. Babban turmi ne na ƙirya, mai nauyi, ruwan damina ya zaizaye ƙasar gindinsa har ya karkace, ga shi kuma a fili inda rana ke fara duka. Ya aje buhun. Ya kama bakin turmin da hannu biyu ya kwantar da shi, ya mirgina shi a hankali don kada ya yi ƙara, har gindin bangon gabas inda inuwa ke daɗewa. Ya share wurin da ƙafa, ya tayar da turmin, ya girgiza shi ya ga yana ɗan rawa, ya nemo fallen dutse ya cusa a ƙarƙashi, ya sake girgizawa. Turmin ya zauna daram. Ya ɗauko taɓaryar ya jingine a bango kusa da shi.

Babur ya yi ƙara a waje. Safiya da Rahama suka raka shi ƙofar gida, Rahama na share ido da bakin zane, Safiya na ce masa kar ya je ya haɗa wa mutane famfo da hagu ruwa ya riƙa komawa rijiya.

Yana ɗaure buhun a bayan babur ya hango uwarsa ta kan danga. Jummai ta fito da ƙwaryar gero, ta nufi inda turmin yake da, ta tsaya, ta waiga ta gan shi a gindin bango. Ta ƙarasa, ta juya wa ƙofa baya, ta zuba geron ta ɗauki taɓarya. Bai jira ba, ya hau suka kama hanyar Tanut.